Ƙurar Asbestos da Ciwon da Take Haifarwa



Kusan dukanmu mun yi karatu a ƙarƙashin rufi ko silin na asbestos, domin a da shi ake yayi wajen gina makarantu da gidajen ma'aikata. Asbestos ma'adini ne mai zare-zare, wuta ba ta cinsa. Muddin yana zaune lafiya lau, haɗarinsa kaɗan ne. Amma in aka fasa shi, ko aka yanka shi da zarto, sai ya saki ƙura wadda ido ba ya gani. Wanda ya shaƙe ta, zaren yakan maƙale a tantanin da ya lulluɓe huhu, har ya haifar da ciwon daji mai suna mesoteliyoma.

A Afirka ta Kudu aka tabbatar da haka. Likitoci a Kimbali sun lura da wasu majinyata da ake yi wa maganin tarin fuka, amma ba sa samun sauƙi. A shekarar 1960 Dokta Wagner da abokan aikinsa suka bayyana labarin mutum 33 masu wannan ciwo, kusan dukansu sun shaƙi ƙurar. Wasu ma ba su taɓa aikin haƙarsa ba, kusa da mahaƙar kawai suka zauna.

Muguntar ciwon ita ce jinkirinsa, don yakan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ya bayyana. Alamominsa su ne sarƙewar numfashi, da ciwon ƙirji, da tari mai naci, da rama, da gumin dare, da taruwar ruwa a ƙirji. In ya kama tantanin ciki, sai ciki ya kumbura. Duk mai irin waɗannan alamomi ya gaya wa likita aikin da ya yi a ƙuruciyarsa, domin sau da yawa ba a gano ciwon sai ya yi nisa, kuma warkewa daga gare shi da wuya.

Ingila ta haramta asbestos a 1999, Afirka ta Kudu kuma a 2008. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Mu ne za mu sa hannu a takardun kwangilar rushe tsofaffin gine-gine. Kada mu yarda a tura lebura ya farfasa silin da guduma ba kariya. A jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗungurungum, a binne shi inda yara ba sa wasa. Ran wannan lebura amana ne a wuyanmu.