Rikoda Mai Layuka Da Yawa: Za Ta Riƙe Maka Amanar Waƙarka?

 

Yau maganarmu a kan masu ɗaukar waƙa a gida ce. Akwai tambayar da matasa suka sha yi mini a tarukan da muke yi: mutum ya tara 'yan kuɗinsa, wani ma bashi ya ci, yana son ya daina biyan kuɗin sitidiyo kowace waƙa. Shin idan ya sayi rikodar nan mai layuka da yawa, wadda ba ta buƙatar kwamfuta, za ta riƙe shi? Ko kuwa wata rana zai wayi gari aikin wata uku ya tafi?

Amsata a taƙaice ita ce, na'urar abin dogaro ce, amma da sharaɗi. Yawancin asarar da ake yi da ita daga wuta ne, ko daga katin memori, ko daga sakacin mai ita. To bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda bai san ta ba, akwati ne ƙarami da za ka ɗora kan tebur. Yana da ramukan jona makirufo da kayan kiɗa, sannan kowane sauti yana da layinsa daban. Kalangu a layi na ɗaya, fiyano a na biyu, muryar mawaƙi a na uku, 'yan amshi a na huɗu. Idan ɗan amshi ya yi tuntuɓe, layinsa kawai za a sake, ba sai an tayar da kowa ba.

Abin ba sabo ba ne. A 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fitar da Portastudio 144, mai ɗaukar layi 4 a kan kaset irin wanda iyayenmu suka sani. Da irinta mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya ɗauki kundinsa Nebraska a cikin ɗaki a gidansa, kundin ya fito a 1982. Daga baya Roland ta kawo VS-880 a 1996, mai ajiya a faifan ciki irin na kwamfuta. Na bayansu kuwa, irin su Zoom R16 da Tascam DP-008EX da DP-24SD, duk a katin SD suke ajiya.

Na kawo tarihin nan ne saboda wani bambanci da ya kamata ku riƙe. Kaset a hankali yake mutuwa. Sautinsa ya dusashe, zarensa ya naɗe, ka sa biro ka juya, in ya tsinke ka liƙe, ka rasa daƙiƙa biyu ka ci gaba da ji. Fayil ba ya yin haka. Yau yana nan tas kamar yanzu aka ɗauka, gobe na'ura ta ce ba ta san shi ba. Ba ya yi maka gargaɗi. Shi ya sa kulawar da yake buƙata ta bambanta da ta kaset.

Mu fara da inda rikodar ta yi fice. Aiki ɗaya aka ƙera ta domin shi. Ka kunna, cikin 'yan daƙiƙu ta shirya. Ba ruwanta da intanet, ba za ta tsaya sabunta kanta kana tsakiyar baiti ba, ba saƙon da zai faɗo ya shiga cikin waƙa. Masu aiki da laftof sun san ciwon nan, musamman in manhajar ta sata ce, wadda aka kwafo a fulash ɗin da ya zaga shago goma. Ƙananan masu kati kuma ba fanka a cikinsu, ba faifai mai juyawa, don haka ba gurnanin da makirufo zai kwasa, kuma abin da zai lalace don jijjiga kaɗan ne. Ta wannan fuskar, wallahi ta fi kwamfutar talaka kwanciyar hankali.

To ina matsalar?

Ta farko wuta. Ku saurari wannan da kyau. Lokacin da kake ɗauka, na'urar tana zuba sauti a kati, amma a da yawa daga cikinsu sai ka danna tsayawa take kammala rubuta bayanin da ke nuna tsawon fayil ɗin da inda yake. Idan nepa ta ɗauke kafin ka danna, sautin yana iya kasancewa a cikin katin amma fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, ko ya nuna babu komai. Wani lokaci mai ilimin kwamfuta zai iya ceto shi, wani lokaci kuma ya tafi ke nan. In aka yi rashin sa'a, ɗaukewar wutar ta rikita tsarin katin gaba ɗaya, har tsofaffin waƙoƙin su shiga ciki.

Waɗanda suka ƙera na'urorin nan a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa suke zaune. Mu kuwa mun san halin da muke ciki. Saboda haka kafin ka tambayi layi nawa take ɗauka, fara tambayar tana aiki da batir? Zoom R16 tana cin ƙananan batura 6, Tascam DP-008EX tana cin 4. Ita kuwa DP-24SD sai da wutar soket, wanda ya saye ta dole ya haɗa da UPS ko inbata. Kuma ka sani, makirufon sitidiyo mai buƙatar wutar bolt 48 daga rikoda yana shanye batir da wuri, don haka ka ajiye na canji a kusa.

Janareta ma ba aboki ba ne kai tsaye. Ƙaramin injin nan da muke tayarwa, wutarsa hawa da sauka take yi, lokacin da mai ya kusa ƙarewa kuwa sai ta riƙa fizga. Abin da yake fara ƙonewa shi ne adaftar. Mutum kuma sai ya je kasuwa ya sayo duk wadda bakinta ya shiga ramin. Kada ka yi haka, ɗan uwa. Duba ƙarfin da aka rubuta a jikin ta asali, ka duba ɓangaren da ke tsakiyar bakin, mai ƙari ne ko mai ragi, domin adafta mai juyayyen baki tana iya kashe na'ura nan take.

Ga gwajin da nake ba kowa shawara ya yi a ranar da ya sayo. Sa katin da babu komai a ciki, sa batir, jona wuta, ka fara ɗaukar surutunka kawai. Bayan minti biyu ka kashe soket. Ta ci gaba da batir ko ta mutu? Ka sake kunnawa, me ya rage? Gara ka san halinta da surutun banza, da ka sani ranar da ka tara makaɗa biyar ka biya musu kuɗin mota.

Ta biyu katin memori. Nan ne ake cutar matasanmu ƙwarai. Akwai katunan jabu da aka rubuta musu 32GB, kwamfuta ma ta nuna 32GB, alhali ainihin cikinsu bai kai rabin haka ba. Irin wannan katin ba zai ce maka ya cika ba. Zai ci gaba da karɓa, amma sabon ko dai ya tafi a iska, ko ya hau kan tsohon ya goge shi. Ba ka ganewa sai ranar da ka zo haɗa waƙar. Akwai manhaja ta kyauta mai suna H2testw, tana cika katin da bayanai ta karanto su, ta gaya maka gaskiyar girmansa. Ka ba ta lokaci ta gama kafin ka amince da katin. Araha ba ta ado, in ji masu magana, a nan kuwa har asara take jawowa.

Mu yi ɗan lissafi don ku ga ba sai kun sayi ƙaton kati ba. Layi ɗaya a ingancin faifan CD yana cin kusan 5MB a minti. In ka ɗaga zuwa bit 24, kusan 8MB. Wato waƙar minti 5 mai layi 8 ba ta wuce 320MB ba a ɗauka ɗaya. Kun ga katin 16GB na gaskiya ya ishe ka waƙoƙi masu yawa. Katuna biyu ƙanana nagari sun fi ƙato ɗaya da ba ka san asalinsa ba. Tsofaffin na'urori da yawa ma ba sa karɓar abin da ya haura 32GB. Kamfanonin sukan wallafa jerin katunan da suka gwada da kowace na'ura, ka nemi jerin taka.

Sai ƙa'idoji uku na kati. A cikin rikodar za ka yi masa fomatin, ba a waya ba. Kada ka zare shi fitilar rubutu tana ƙiftawa. Kada ka ara wa aboki ya zuba finafinai ya dawo maka da shi.

Ta uku yanayinmu. Littafin da ke zuwa da wasu daga cikin na'urorin nan yakan ce a yi aiki da su tsakanin digiri 5 zuwa 35. To mu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu zafi yana haura 40, ga ɗakin kwano, ga taga a rufe don kada ƙarar babur ta shigo. Ka yi ɗauka da asuba ko da dare, muryarka ma za ta gode maka. Hunturu kuma yana zuwa da ƙura, ita ce take shiga madannan da ake ja sama da ƙasa har su fara ƙaiƙayi a sauti, ta toshe ramukan jona waya. Ƙyalle mai tsabta da za ka rufa mata bayan aiki ya fi maka zuwa wurin mai gyara, domin kayan gyaran irin waɗannan na'urori ba su cika samuwa a nan ba.

Wannan ya kawo mu ga na hannu, tunda ita yawancinmu za mu iya saya. Ba laifi ba ne, amma kada kunya ta hana ka gwaji a gaban mai kaya. Tafi da makirufonka da katinka. Jona kowane rami, ja kowane madanni daga ƙasa har sama kana saurare, danna maɓallin ɗauka da na tsayawa sau da yawa domin su ne suka fi shan wahala. Buɗe gidan batir ka ga ko tsohon batir ya taɓa zubewa a ciki. Ɗauki minti goma a dukkan layukan da take iya ɗauka lokaci guda. In ta tsohon yayi ce mai faifai a ciki, ka tuna faifan ya kai shekara ashirin yana juyawa, ka yi tunani sau biyu. In mai kaya ya ce ba a gwadawa, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Akwai kuma tambayar yadda za ka fitar da aikinka. Zoom R16 tana ajiye kowane layi a fayil ɗin WAV wanda kowace kwamfuta ke karantawa. Wasu ƙananan Tascam kuwa suna ajiya a wani sashe na katin da kwamfuta ba ta gani, sai ka umarci na'urar ta fitar da layukan tukuna. Ba aibi ba ne, amma wanda bai sani ba, ranar da na'urar ta mutu zai riƙe kati a hannu ya kasa ciro waƙarsa sai ya samo irinta.

Saboda haka doka ɗaya, in ma kun manta sauran: waƙar da take wuri ɗaya kawai, ka ɗauka ba ka da ita. Masu harkar ajiyar bayanai suna da ƙa'ida, kwafi 3, a kan abubuwa iri 2, ɗaya kuma a wani wuri daban. A wurinmu ma'anarsa kati, da fulash ko laftof ɗin ɗan uwa, da kuma kwafi a intanet ko a gidan yayarka. A daren da aka yi ɗauka ake kwafa, ba a bari sai Juma'a.

Me ya sa na damu da wannan har na ware masa shiri guda? Dalili biyu ne.

Na farko haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare aiki ne idan an ɗauke shi a wani abu mai riƙewa. Mun sha jin ƙorafin yaro ya yi waƙa, ya ji ta a bakin wani babba, ba shi da abin nunawa. Wanda ya kwafi waƙarka haɗaɗɗiya kawai yake da ita. Kai kuwa kana da muryar ita kaɗai, da kiɗan shi kaɗai, da ɗaukar farko da ka yi tuntuɓe a cikinta. Waɗannan layukan suna cikin hujjoji mafi ƙarfi da za ka iya nunawa. In ka bari suka salwanta, ka raunana kanka da kanka. Wannan ya shafi 'yan uwanmu mata sosai, waɗanda da yawansu zuwa sitidiyo da dare ba zai yiwu musu ba. Rikoda a ɗaki tana ba ki damar aikinki ya zauna a hannunki.

Na biyu dattawanmu. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Su an ɗauke su da yawa, alhamdu lillahi. Amma a ƙauyukanmu akwai masu kukuma da gurmi da garaya da ba wanda ya taɓa sa musu makirufo. Rikoda mai batir ita ce za ta iya zuwa inda ba sandar wuta. Idan ka zaunar da dattijo ɗan shekara tamanin ya yi maka kiɗan da ya gada, ba lallai ka sami damar cewa Baba a sake ba. A irin wannan zama, sabon batir, katin da aka gwada, ka rage ƙarfin shigar sauti don kada ya fashe, ka riƙa tsayawa bayan kowace waƙa don na'urar ta rufe fayil. Ka kuma ajiye waya a gefe tana ɗauka, ko ba komai a sami na biyu.

To mai tambaya, in sana'arka haɗa kiɗa ce da yanke-yanke da gyaran murya, ƙaramin allon rikoda zai takura ka, kwamfuta za ka nema. In kuwa buƙatarka ka kama murya da kiɗa da kyau ba tare da fargaba ba, ka saya. Amma a cikin kuɗin da ka tanada, ka fitar da na kati biyu nagari da batura masu caji da fulash tun kafin ka shiga ciniki. In kuɗin bai kai ba, ka sauko ka sayi mai layi 8 maimakon mai 24.

Wanda yake da irin wannan na'ura, ya gaya mana wacce ce da yadda take yi masa idan an ɗauke wuta, domin wasu su amfana. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kare mu daga asara.