Ƙyanda: Allura Biyu Ce, Ba Ɗaya Ba

Yau daga Samaru nake magana, kuma maganar tawa a kan ƙyanda ce, wadda iyayenmu ke kira baƙon dauro.

A bazarar da ta wuce, a layinmu da ke Hayin Dogo, yara uku suka kwanta a gida ɗaya. Ƙaramar cikinsu sai da aka kai ta Shika, numfashi ya gagare ta. Alhamdulillahi ta tashi. Da na tambayi babanta ko an yi mata allura, sai ya ce: "Ai an yi mata tun tana wata tara." Na ce ta biyun fa? Ya yi shiru, wallahi bai ma san akwai ta biyu ba.

To, nan ne gizo ke saƙa. A Najeriya ana yi wa yaro allurar ƙyanda ta farko yana wata 9, ta biyu yana wata 15. Me ya sa biyu? Saboda cikin yara 100 da aka yi wa a wata tara, kusan 15 jikinsu ba ya ɗaukar kariyar. Ta biyun ce ke tsamo su. Kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati, ko a Samaru kake, ko Basawa, ko Muciya.

Wasu za su ce ai kowane yaro sai ya yi ƙyanda. A'a, ba dole ba ne. Kuma ba ƙuraje kaɗai ba ce. Tana kawo ciwon huhu da gudawa, tana makantar da yaro, wani lokacin ta taɓa ƙwaƙwalwa, tana kuma kisa. Ƙwayar cutar na iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Cikin mutum goma marasa kariya da suka zauna da shi, tara za su iya kamuwa. Ka tuna gidajenmu na haya, da Islamiyya, da gidan suna, ka ga yadda za ta bazu.

Na san akwai tsoro, kuma ba zan raina shi ba. Ba mu manta gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, da jita-jitar da ta sa aka dakatar da allurar shan inna a 2003. Amma me ya biyo bayan dakatarwar? Shan inna ta ƙara yaɗuwa, har ta tsallaka ƙasashen maƙwabta. Ita kuwa allurar ƙyanda tun 1963 ake amfani da ita a duniya.

Iyaye maza, da ku nake. Sau da yawa uwa tana so ta je, amma tana jiran izini da kuɗin Keke Napep. Ka ba ta, ko ka raka ta. Matasa 'yan uwana, yau ɗin nan ku nemi katin rigakafin ƙannenku da 'ya'yan yayyenku, ku duba ko an rubuta allura biyu. In an wuce wata 15, bai ɓaci ba, a kai shi. In kuma yaro ya fara zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, kada a kulle shi a ɗaki ana ɗiga masa magani a ido, a garzaya asibiti.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba.