Jawabi a kan fitilar bayan mota: ko jandarma na da ikon tsayar da direba?



Mai gari, ranka shi daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Dattawa, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, ina gaishe ku baki ɗaya.

Shugaban ƙungiya ya ce in tashi in yi bayani a kan gardamar da aka yi a tasha ranar kasuwa. Ni ba alƙali ba ne, tsohon direba ne kurum, amma abin da na sani zan faɗa.

Kun ji labarin. Wani yaronmu ya ɗauko kaya daga Maraɗi bayan magariba, jandarma suka tsayar da shi a hanyar Tasawa don fitilarsa ta baya, ta hagu, ba ta ci. Ya dawo gida yana faɗa, wai an zalunce shi, tun da takardunsa cikakku ne: permi, kart giris, asirans da bizit. Wasu suka goya masa baya, suka ce fitila ɗaya ba laifi ba ce.

To, ƴan'uwa, gaskiya ɗaci gare ta. Suna da iko. Jandarma a kan hanya, ɗan sanda a cikin gari, duk wanda ya ga mota da matacciyar fitilar baya yana iya tsayar da ita. Dokar hanya ba takardu kaɗai take nema ba, har da lafiyar mota. Takardar bizit shaida ce ta ranar da aka duba motar, ba ta daren da ƙwan fitila ya ƙone ba. Kuma ba Nijar kaɗai ba ce. A 1968 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Biyena a kan tafiya bisa hanya, ƙasarmu tana ciki. A nan aka tsayar cewa fitilun bayan mota ja ne, biyu ne, ɗaya a kowane gefe.

Bari in rarrabe muku su. Akwai ja mai ci duk dare, mai cewa: ga mota nan. Akwai ja mai ƙarfi, wadda take kamawa in an taka birki, mai cewa: zan tsaya. Akwai mai ƙyaftawa, mai nuna inda za a karya kwana. Akwai ƙaramar fara mai haska lambar mota. Ta birki da ta kwana ana bukatarsu ko da rana tsaka. Saboda haka kada wani ya ce: ai da rana aka tsayar da ni.

Yanzu mu yi lissafi, don ku ga dalilin dokar. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya gane, ya kai ƙafa ga birki, daƙiƙa guda ta wuce, mita 25 sun tafi. Kafin motar ta tsaya cik, ta ci kamar mita 70 gaba ɗaya, in kwalta busasshiya ce, tayoyi kuma masu kyau. Amma in ya rage fitilarsa ta gaba don kada ya kashe wa mai zuwa ido, abin da yake gani bai wuce mita 50 ba. Kun gani? Yana bukatar 70, yana ganin 50. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne jar fitilar motar da ke gabansa, wadda ake hange tun daga nesa. In babu ita, sai dai a ji ƙara.

Mai cewa ɗaya ta isa, shi ma ya saurara. A ƙasarmu hannun dama muke bi, ta hagu muke wuce mota. In ta hagu ta mutu, ta dama na ci, na bayanka zai zaci babur ne a bakin hanya. Sai ya ɗan kauce kaɗan don ya wuce, ya afka wa rabin motarka da bai gani ba.

Ni da kaina na ga irin wannan. Wata shekara, lokacin hunturu, hazo ya rufe, muna tsakanin Ƙonni da Dogonduci. Wata babbar mota ta lalace, tana tsaye babu fitila ko ɗaya. Motar fasinja ta zo ta shige ƙarƙashinta. Da hannuna na taimaka aka fitar da mutane. Tun daga ranar ban sake tayar da mota ba sai yaron mota ya zaga baya ya ce mini duka suna ci.

Wannan ba ya nufin direba ba shi da haƙƙi. In an tsayar da kai, ka sauka gefen hanya, ka yi sallama, ka ba da takardu. Ka tambayi laifinka cikin ladabi, ka ce a nuna maka. Ku zaga baya tare, ka kunna, ka taka birki. In fitila na ci, magana ta ƙare. In ba ta ci, kada ka yi musu. In kana da ƙwai na ajiya, ka canza nan take. Wani lokaci a yi maka gargaɗi a sallame ka, wani lokaci a ci ka tara. In tara ce, ka nemi takardar shaidar biya, wadda muke kira kitansi. Kuɗin da aka biya da kitansi baitulmalin ƙasa suke shiga. Wanda aka miƙa a ɓoye cin hanci ne, mai bayarwa da mai karɓa duk sun yi laifi, fitila kuma tana nan a mace. In kana ganin an zalunce ka, kada ka yi zagi a kan hanya, ka riƙe takardarka ka kai ƙara wurin manyansu.

Gyaran kuwa ba shi da wuya. Yawanci abu huɗu ne: ƙwai ya ƙone, fizibul ya yanke, waya ta saki saboda girgizar hanya, ko ƙura da tsatsa sun hana wuta wucewa. A motoci da yawa ƙwai ɗaya yana da zare biyu, ƙarami na dare, babba na birki. Ɗaya na iya ƙonewa ɗaya na ci, don haka a gwada kowanne dabam. A kuma goge gilashin, don jar ƙasa tana dushe haske.

Samari masu kabu-kabu, da ku nake. Babur fitila ɗaya gare shi a baya, in ta mutu babu saura. Masu amalanke, ku da ke dawowa daga gona da duhu, ku liƙa jan abu mai ƙyalli a baya, ku riƙe tocila.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, a ɗauki kaɗan daga asusu a sayo ƙwan fitila da fizibul a ajiye wurin sarkin tasha, mai bukata ya saya a kan kuɗinsu. Kuma kada mota ta bar tasharmu da yamma sai an duba bayanta. Rigakafi ya fi magani.

Yaronmu kuwa, ka yi haƙuri, ɗana. Tarar ta yi maka zafi, na sani. Amma ka kwana a ɗakinka, mahaifiyarka ba ta karɓi gaisuwa ba.

In na yi kuskure ku gafarce ni. Allah shi kiyaye hanya, shi kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.