Kanikawan Tesla a Suwidin: Me Ya Sa Ma'aikatan Gidan Waya Suka Shiga Faɗan?

Yau Suwidin za mu leƙa, don akwai wani rikici can da ya shafi duk mai cin albashi.

Ranar 27 ga Oktoba, 2023, kanikawan da ke gyaran motocin Tesla a Suwidin suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin ƙungiyar IF Metall. Ba su da yawa, ba su kai ɗari biyu ba. Buƙatarsu ɗaya: kamfanin ya sa hannu a yarjejeniyar gama-gari da sauran kamfanonin sana'ar suke bi. Tesla ya ce a'a.

To, me ya sa abin ya yi zafi haka? Ku saurara. Suwidin ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi. Gwamnati ba ta yanka wa kowa. Ƙungiyar ƙwadago ta sana'a guda ce ke zama da ƙungiyar masu kamfanonin wannan sana'ar, su daidaita kan albashi, kuɗin ƙarin lokaci, fansho da inshora. Abin da aka tsayar, shi ke aiki a duk kamfanin da ya shiga. Kusan ma'aikata tara cikin goma a ƙasar suna ƙarƙashin irin wannan yarjejeniya, kuma tushen tsarin yana komawa ga yarjejeniyar Saltsjöbaden ta 1938.

Ka ga idan kamfani ɗaya ya zille ya ci riba, gobe na kusa da shi zai ce shi ma me zai hana. Shi ya sa sauran ma'aikata suka ɗauki faɗan kamar nasu. Ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka daina sauke motocin Tesla. Masu aikin lantarki suka ƙi yi masa gyara. Ma'aikatan gidan waya suka daina kai masa lambobin sababbin motoci. Har takwarorinsu na Denmak, Norwe da Finlan suka mara musu baya. Dokar Suwidin ta yarda da irin wannan yajin aikin na taya ɗan'uwa.

An taɓa yin haka a 1995, lokacin da kamfanin Toys "R" Us na Amurka ya ƙi sa hannu. Bayan kusan wata uku ya sauko. Tesla kuwa ya turje, aka haura shekara ana ja-in-ja, yana shigo da motocinsa ta wasu hanyoyi. Wato haɗin kai ba sihiri ba ne, yana buƙatar haƙuri da asusun da zai ciyar da masu yajin.

Yanzu mu dubi gida. A Najeriya an mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Malamin makarantar kuɗi, yarinyar shago, mai zama a rumfar POS, kowa shi kaɗai yake ciniki da oga. In ka yi magana, a ce ga ƙofa nan, akwai goma a layi. Amma da a ce duk makarantun kuɗi na gari suna da albashin da ba a sauka ƙasa da shi, korar ka ba za ta rage wa mai makaranta ko sisi ba, don wanda zai ɗauka ma haka zai biya shi.

Ku gaya mana: a sana'arku, wa ke yanka albashi, kuma da wa za ku fara zama? Sai mun ji daga gare ku. Mu kwana lafiya.