Ɓera da Shanyar Bakin Titi

Jama'ar Yelwa da sauran unguwannin Jalingo, rani ya kama, kuma lokacin zazzaɓin Lassa ke nan. Taraba na cikin jihohin da ya fi addaba. Ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashi. Ku dubi masara da rogon da ake shanyawa a gefen kwalta, su kwana a buɗe. Da dare ɓera ya bi ta kai, da safe a kwashe sai injin niƙa.

Muguntar zazzaɓin nan, farkonsa kamar maleriya yake. In an sha magani zazzaɓi ya ƙi sauka, kada a sake komawa kemis, a wuce FMC Jalingo, ko a kira 6232. Uwargida, don Allah a rufe abinci.