Mu rage sayen mai, mu sa rana aiki

Manoma da makiyaya, iyaye mata, malaman yaƙi da jahilci da ɗalibanku, muna gaishe ku. Gaisuwa ta musamman ga Adarawa, mutanen Tawa, Kalfu, Barmu, Afala, Keita da Tabalak. Hirar yau tasu ce, amma kowa yana da rabo cikinta. Kai da ke karanta ta cikin wannan jarida, ka karanta a hankali. In ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya ba tukuna.

Yau za mu yi magana kan mai, wato esansi da gazuwal da kananzir. Za mu ga abin da yake ci mana cikin aljihu. Za mu ga abin da hayaƙinsa yake yi wa sama. Daga nan mu duba abin da za mu iya sawa a madadinsa.

Ina man yake tafiya?

Ka duba garinku da kyau. Injin ban ruwa da ke garka, mai yake sha. Injin niƙa, mai yake sha. Moto da motar da ke kai albasa kasuwa, mai suke sha. A garuruwa da yawa, injin da ke tura ruwa cikin shato shi ma gazuwal yake so. Ashe ke nan cinmu da shanmu suna rataye ga abin da ba mu ne ke yanke farashinsa ba.

Ƙasarmu tana da mai nata. Ana haƙo shi a Agadem, cikin jihar Difa. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki cikin 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 kowace rana. Amma shekara da shekaru, yawancin esansin kwalba da ake sayarwa bakin hanya, tun daga Ƙonni har Tawa, daga Nijeriya yake shigowa. Yana da araha domin gwamnatin can tana biyan wani kashi na kuɗinsa. Cikin watan Mayu 2023 ta daina biya. Farashin kwalba ya hau. Masu sayen kwalba suka koma gidajen mai, har man matata ya kasa isar kowa. Cikin watan Maris 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai na ƙasarmu.

Wutar lantarki ma ta taɓa nuna mana haka. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da muke aiki da shi daga Nijeriya yake zuwa. Cikin watan Agusta 2023 aka yanke shi saboda takunkumi. Sai cikin watan Maris 2024 aka maido shi.

Kai mai garka a fadamar Tadis ko bakin tabkin Tabalak, ka san abin da wannan ke nufi. Albasa ba ta jiran layi. In ta kwana biyu ko uku ba ta sha ba cikin zafi, ganye ya kwanta, kai ya ƙi girma. Iri da taki da wahalar wata biyu su tafi a banza. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Hayaƙin da ido ba ya gani

Akwai wata asarar da ba ta fito fili ba. In mai ya ƙone, baƙin hayaƙi yana fita, kowa na ganinsa. Tare da shi akwai wata iska marar launi, marar wari. Masana suna kiranta iskar kabon. Lita 1 ta esansi tana ba da wajen kilo 2 da ɗan ƙari na wannan iska. Lita 1 ta gazuwal tana ba da fiye da kilo 2 da rabi.

Wannan iska tana taruwa a sama. Tana barin hasken rana ya shigo, amma tana tare wani kashi na zafin da ya kamata ya fita. Kamar mutum ne ya ƙara bargo cikin bazara. Shi ya sa duniya ke ƙara zafi, damina kuma ta rikice. Wannan shi ake kira sauyin yanayi. Wata shekara ruwa ya yanke gero na bunni. Wata shekara ya zo da yawa lokaci guda. Cikin daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya.

Za ka ce, to ni ne na ɓata sama da ɗan injina? A'a. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na kabon da duniya ke fitarwa daga mai da kwal ba. Manyan ƙasashe masu masana'antu, irin su Sin da Amurka, su ke da babban kaso. Cikin 2015 ƙasashen duniya sun yi alkawari a birnin Paris za su rage, Nijar ma ta sa hannu. Amma mu da ke bakin hamada muna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kuma abin da ke rage hayaƙi shi ne dai ke rage mana kashe kuɗi. Riba biyu ke nan.

Rana tamu ce

Allah Ya ba Adar rana. Ba a sayenta, ba a kuma rufe mata iyaka. Wani ɗan ƙasarmu ya gane haka tun da daɗewa. Sunansa Farfesa Abdou Moumouni Dioffo. An haife shi a Tasawa cikin 1929, ya rasu cikin 1991. Ya shugabanci ma'aikatar binciken hasken rana ta ƙasa, ONERSOL, inda aka ƙera na'urar dafa abinci da ta ɗuma ruwa masu aiki da rana. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

A zamaninsa farantin da ke juya hasken rana ya zama wuta yana da tsada ƙwarai. Daga 2010 zuwa 2020 farashinsa a kasuwar duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. Shi ya sa yanzu kake ganin faranti, wanda wasu ke ce wa fano, bisa rufin shaguna da asibitocin karkara.

Babbar tashar farko ta wutar rana a Nijar cikin jihar Tawa take, a Malbaza. An buɗe ta cikin watan Nuwamba 2018. Ƙarfinta megawat 7 ne, wutarta tana shiga layin NIGELEC. Cikin 2023 wata tasha mai megawat 30 ta fara aiki a Goru Banda, kusa da Yamai. Abin da ake yi a Malbaza da dubban faranti, kai ma kana iya yin ƙaraminsa cikin garka.

Mu yi lissafi

Ɗauko alƙalami da takarda. Wannan misali ne, kai sai ka sa naka adadin. Mu ɗauka injinka yana shan lita 3 kowace rana. Mu ɗauka kana ban ruwa kwana 90.

3 sau 90, lita 270 ke nan.

Mu ɗauka lita ɗaya dala ɗari ce, wato sefa 500.

270 sau 500, sefa 135,000 ke nan, wato jika 135.

Wannan kuɗin esansi ne kaɗai na rani ɗaya. Ba mu sa baƙin mai ba, ba mu sa kuɗin makaniki ba. Cikin rani uku ka ƙone jika 405. Iskar kabon da lita 270 ke fitarwa kuwa ta fi kilo 600, wato nauyin buhun gero 6 masu kilo ɗari-ɗari.

Yanzu ka je wurin mai sayar da famfon rana ka tambayi farashi. Ka raba farashin da kuɗin man rani ɗaya. Amsar da ka samu ita ce yawan ranin da famfon zai ɗauka kafin ya biya kansa. Bayan nan, ruwan da kake ɗagowa ba ya cin kuɗin mai. Faranti mai kyau yana yin fiye da shekara 20. Famfon da na'urar da ke tsakaninsu ba su kai haka, wata rana za su so gyara ko canji. Ka sa wannan ma cikin lissafi.

Ga amfanin karatun da kake yi. Wanda bai rubuta ba, yana ganin dala ɗari-ɗari ce kawai ke fita. Wanda ya rubuta, ya ga jika 135.

Ina za a samu kuɗin?

Gaskiya ne, wahalar famfon rana a farko take, domin kuɗin sayensa suna da yawa a tashi ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu garka uku ko huɗu da ke maƙwabtaka suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su rubuta ranar shan kowa. Ƙungiyar mata mai adashi tana iya yin haka. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce. Kuɗin da ɗanka ya aiko daga Abijan ko Libiya, in an sa wani kashi cikin famfo, za su daɗe suna ciyar da gida. Lokacin sayar da albasa shi ne lokacin ajiye kuɗin, tun ba su watse ba.

Kafin ka saya, ka kiyaye abu huɗu.

Na ɗaya, ka auna zurfin rijiyarka da faɗin garkarka. Rijiya mai zurfi tana son faranti da yawa. Ka nemi shawarar ma'aikacin gona.

Na biyu, ka guji jabu. Araha ba ta ado. Ka karɓi takardar saye mai sunan kayan da wa'adin garanti, ka karanta ta da kanka.

Na uku, ka tambaya ko akwai mai gyara kusa, da kayan gyara.

Na huɗu, ka gina ƙaramin wurin tara ruwa. Famfo yana aiki da rana tsaka, kai kuwa ka fi son ban ruwa da safe ko da marece. Tara ruwa ya fi sayen batir sauƙi.

Kula da faranti

A kafa faranti yana duban kudu, ya ɗan kishingiɗa. Kada inuwar itace ko ta bango ta faɗa masa. Lokacin hunturu ƙura tana rufe shi, wuta ta ragu. A goge shi da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, da sassafe tun bai yi zafi ba. Ranar da hazo ya yi yawa ruwa zai ragu, wannan ba lalacewa ba ce. A yi masa shinge saboda dabbobi, a ɗaure shi da kyau saboda ɓarayi.

Ga gargaɗi mai muhimmanci. Don ba ka sayen mai, kada ka bar famfo yana zuba a banza. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da iyaka. In kowa ya ja fiye da bukata, rijiyoyin fadama duka za su yi ƙasa.

Gaz da kwal fa?

Wasu masu garka sun juya injinsu yana aiki da butar gaz. Gaz ya fi esansi ƙarancin hayaƙi. Amma shi ma daga matata yake fitowa, yana iya yankewa. In za ka yi aiki da shi, ka duba tiyo kullum, ka nisantar da buta daga wuta.

Akwai kuma kwal a ƙasan Salkadamna, wajen Takanamat, cikin jihar Tawa. Kwal yana iya rage sayen gazuwal, amma ku sani kabon ɗinsa ya fi na mai yawa.

Cikin gida

Ke uwargida, ke ma kina da aiki a nan. Fitilar rana tana haska ɗaki ba kananzir, ba sayen batir kowane mako. Yara su yi karatu, ke ma ki duba darasinki da dare. Murhun Mai Sauƙi na ƙarfe da murhun Albarka na laka suna rage cin itace. Itacen da ba a sare ba yana shan iskar kabon, yana kuma riƙe ƙasa. Mutanen Keita sun san darajarsa. Tun daga 1984, da taimakon ƙasar Italiya, sun haƙa ramukan tare ruwa bisa fako, sun dasa miliyoyin itatuwa. Mata ne suka yi mafi yawan aikin. Kada murhu ya cinye abin da suka dasa.

Aikin wannan mako

Malam, in an taru a aji, a tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Injuna nawa ke shan mai a garinku? A ƙidaya su, a rubuta a allo.

2. Lita nawa injinka ya sha cikin kwana 7? Nawa ka biya?

3. Akwai mai famfon rana kusa da ku? Ku je ku gani, ku tambaye shi daɗinsa da wahalarsa.

Kowane ɗalibi ya buɗe shafi ɗaya cikin littafinsa. Ya ja layi uku: rana, lita, kuɗi. Ya cika shi kowane marece har ƙarshen rani. Waɗanda suka yi lissafinsu su ba malaminsu ya aiko mana, mu karanta wa sauran jama'a.

Nan muka kawo ƙarshen hirar yau. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa wa garkunanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.