Aikin Wakilinku a Majalisar Kaduna

Jama'ar Ikara da Makarfi da Kudan, ku kasa kunne. Kowace ƙasa cikin ukun nan tana da wakili guda cikin wakilai 34 na Majalisar Dokokin Jihar Kaduna.

In an kawo shirin doka, a ce ta haraji ce bisa rakenku, sai an karanta shi sau uku. Bayan karatu na biyu akan ba waɗansu wakilai su tone shi layi layi. To, nan fa ya kamata kukanku ya isa, tun ba a rufe magana ba.

Sa'an nan a kai wa Gwamna. Bisa tsarin mulkin 1999, kwana 30 gare shi. In ya ƙi sa hannu, kashi biyu cikin uku na wakilai suka sake yarda, watau mutum 23, doka ta kafu, ko yana so ko ba ya so.